Tukunya ta Tara: Ta'aziyyar Ba Ajimi Mai Walda

ƘUNGIYAR TSOFAFFIN MA'AIKATAN MA'ADINAN HAMADA MAZAUNA MAIDUGURI
Jiddari Polo, Maiduguri
Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Mai rayawa Mai kashewa, Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Ma'adinan Hamada Mazauna Maiduguri ta samu labarin rasuwar Shugabanta na farko kuma Uban Ƙungiya, dattijon arziki, Alhaji Ajimi Modu Kachalla, wanda babba da yaro suka fi sani da Ba Ajimi Mai Walda. Allah Ya karɓi abinsa da hantsin ranar Juma'a, 9 ga Mayu, 2025, daidai da 11 ga Zulƙida, 1446, a gidansa da ke Abbaganaram, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan doguwar jinyar ciwon huhu. An sallace shi bayan an sauko daga Juma'a, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin dattawan Ƙungiya da matan 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, uwarmu Hajja Aisa, wadda ta yi shekara uku tana jinyarsa ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ga 'ya'yansa, Malam Sa'id, Malama Ammatullahi da Malama Rahmat, da jikokinsa baki ɗaya. Ga mai girma Bulaman unguwa da Liman da dukan jama'ar Abbaganaram. Sannan musamman ga yayarsa, babarmu Ya Turai, wadda ta goya shi a bayanta bayan mahaifiyarsu ta rasu ta bar shi yana ɗan shekara biyu. Muna roƙon jama'a su yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Marigayin ya bar mana saƙo guda ɗaya, ya ce a isar da shi a bainar jama'a kafin addu'ar bakwai, kuma saƙon ba zai fahimtu ba sai an san mafarinsa.

An haifi Ba Ajimi a cikin tsohon garin Maiduguri a shekarar 1951. Ya yi karatun allo, ya taɓa firamare aji uku, sannan ya kama sana'ar walda, wadda ya riƙe har ƙarfinsa ya ƙare. A shekarar 1976 ya hau bayan babbar mota ya bi ta Damagaram ya wuce Agadas, ya isa garin ma'adinai da ke can cikin hamada, inda ake haƙo dutsen yuraniyom. Shekara goma sha takwas ya yi yana liƙin bututu da tankuna a masana'antar da ake niƙa dutsen, a wanke shi da ruwan batir mai ƙarfi, har a fitar da wani gari rawaya a ɗura a durom a tafi da shi ƙasashen waje. Duk ɗan Borno da ya sauka a garin nan cikin waɗancan shekaru, a ɗakin Ba Ajimi ya fara ajiye jakarsa. Bai taɓa tambayar baƙo ƙabilarsa ko addininsa ba. Abin da yake tambaya shi ne ko ka ci abinci, da kuma ko mahaifiyarka ta san inda kake. Shi ke karɓar wasiƙunmu ya ba direbobi, shi ke sulhunta mu, shi ke wanke gawar wanda ya rasu a nesa da gida, kuma da muka dawo shi ya tara mu ya kafa wannan Ƙungiya a 1996, muna mu sittin da ɗaya. Yau mu goma sha uku ne.

Mai sa hannu a wannan takarda yana cikin waɗanda suka ci arzikin wannan ɗaki. Na sauka a 1982, Kirista daga tsaunukan Biu, da takardar digiri ta Amurka a jaka da laktaye a wuya, an ɗauke ni aikin gwajin dutse. Ba Ajimi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam Digiri, cire wannan igiyar tun inji bai riga ka cirewa ba.” Sunan ya bi ni shekara arba'in da uku. Ranar Lahadin farko shi ya raka ni har ƙofar ɗakin da Kiristoci ke taruwa, ya zauna a inuwa yana jan carbinsa har muka tashi, wai kada in ɓata a hanyar dawowa, a garin da titinsa bai wuce huɗu ba.

A bayan shingen masana'antar akwai juji inda ake zubar da ƙarafan da suka tashi daga aiki. Ba wanda ya hana mu ɗiba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mana dalilin da zai sa mu bari. Wani ya ɗauki bututu ya yi dirkar rumfa, wani ya ɗauki kwano ya yi ƙofa. Shi Ba Ajimi, da yake Allah Ya ba shi hannu, sai ya riƙa yanko gindin tsofaffin tankuna, ya bubbuge, ya goge, ya liƙa musu hannu biyu, ya fitar da tukwanen da ba a taɓa ganin irinsu a Maiduguri ba: masu kauri, masu faɗin baki, kowacce tana cinye rabin buhun shinkafa ba ta ƙona gindi. Kusa da hannun dama yakan ɗiga ƙarfe sau uku, alamarsa ke nan. Ba ya sayarwa. Tsaraba ce. Duk zuwansa hutu yakan ɗauro ɗaya a saman mota, ya kai gidan da yake ganin girmansa. Tara ya ƙera.

Wanda ya zauna a Maiduguri ya san babbar tukunya ba ta gida ɗaya ba ce. Yau tana gidan suna, gobe gidan biki, jibi gidan makoki, a ɗauke ta da sallama a mayar da ita da ɗan abinci a ciki. Shekara talatin da ɗoriya tukwanen Ba Ajimi suna zaga Abbaganaram da unguwannin da ke kewaye da ita, ana dafa burabisko da shinkafa da miyar taron jama'a, ana sa masa albarka. Ranar auren 'yata ta fari, a cikin ɗayarsu aka dafa abincin da aka ci a harabar cocinmu, kuma ni da kaina na je aronta.

Yadda muka gane abin da ke tattare da su, daga wata ƙasa mai nisa ya zo. Lokacin da nake karatu a jihar New Mexico ta Amurka, akwai wata abokiyar karatuna, Edith Tsosie, 'yar ƙabilar Navajo, mutanen da ke wurin tun kafin zuwan Turawa, makiyayan tumaki ne a ƙasa mai jan dutse da ƙarancin ruwa. An yi shekaru kusan arba'in ana haƙar yuraniyom a ƙasarsu. Mahaifinta ya yi aikin rami ba tare da abin rufe hanci ba, ya dawo gida kullum da ƙurar a tufafinsa, mahaifiyarta ta wanke da hannu. Da duwatsun bakin ramin suka gina ɗakinsu, don a sassaƙe suke kuma kyauta ne. Ina can a shekarar 1979 lokacin da madatsar dattin wata masana'anta ta fashe, ruwan ya bi kogin da tumakinsu ke sha. Na gani a jarida, na ce Allah Ya kyauta, na ci jarrabawata, na dawo gida, bayan shekara biyu na tafi aikin yuraniyom. Wannan shi ne iyakar amfanin da na ci da ilimina.

A 2017 Edith ta nemo ni ta hanyar wayar 'yata. Ta turo hotuna. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa da ciwon huhu, haka ƙannensa biyu. Ɗakin da aka haife ta an auna shi an rushe, an kwashe har ƙasar da ke ƙarƙashinsa an tafi da ita. Rijiyar da suka sha tun suna yara an kafa mata allon gargaɗi, mutane suna tafiya mai nisa da mota don ɗebo ruwan sha. Ta ce an daina haƙa a ƙasarsu fiye da shekara talatin, amma ramuka sama da ɗari biyar suna nan a yashe, yara suna wasa kusa da su, tumaki suna kiwo. Na kai wa Ba Ajimi hotunan a shagonsa, don kawai mu yi jimami tare. Ya daɗe yana kallon wurin da ɗakin yake a da, fili fetal. Sannan ya ce, “Malam Digiri, in dutse yana riƙe abin nan, ƙarfen da ya shekara goma yana jiƙe a cikinsa fa?” Mutumin da ya tsaya a aji uku shi ya yi tambayar. Ni da na yi shekara goma sha biyu ina gwada dutsen da hannuna, ban taɓa yin ta ba.

Edith da matan wata ƙungiyarsu ta matan mahaƙa suka aiko mana da ƙaramar na'urar awo, wadda ke yin ƙara idan ta kusanci abin da ke fitar da tururin yuraniyom. Ba Ajimi ya sa mata suna Gyare. Mun fara gwada ta a tukunyar gidansa, a tsakar gida, da rana tsaka, Hajja Aisa tana tsaye da ludayi a hannu. A jikin bango Gyare yana ƙyas, ya yi shiru, ya sake ƙyas. Da aka zura shi cikin tukunyar, wajen tsohuwar tsatsar da ke maƙale a lungunta, sai ya kama kuka ba numfashi. Ba Ajimi ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce, “Ashe abin da na yi ta kawo wa mutane ke nan.”

Daga wannan rana ya shiga aikin da shi ne babbar hidimarsa ga jama'ar garin nan, kuma shi ne ya fi jawo masa zagi. Ya ƙuduri karɓo tukwanen nan duka. Kowa ya san abin kunyar da ke cikin mutum ya ba da kyauta ya dawo ya ce a ba shi abinsa, balle dattijo Alhaji, balle bayan shekara talatin. Ya bi gida gida, ya tsuguna a zaure, ya yi bayani. Wasu suka ce ya gano akwai zinariya a ƙarfen. Wasu suka ce wani malami ne ya ba shi sa'a. Wasu suka ce hayaƙin walda ya taɓa masa kai. A wani gida aka turo masa tukunyar da ƙafa. Bai rama ba ko sau ɗaya. Ƙungiya ba za ta manta da Mista Celestine Ezeudu, mai sayar da tukwane a Kasuwar Monday ba, wanda da ya ji labarin ya riƙa ba da sababbin tukwane don musanya, yana ɗaukowa a motarsa da kansa yana tsokanar marigayin cewa, “Ba Ajimi, duk duniya kai kaɗai ne ke zuwa da sabuwa yana roƙon tsohuwa.” Cikin shekara biyu aka tattara takwas, har da ta gidansa.

Marigayin yana da 'yar gona a Dusuman, inda yake noman wake da kuɓewa, wadda ya ce nan zai huta in ya tsufa. A kusurwarta mafi nisa da rijiya ya haƙa rami, ya daɓe da siminti, ya jera tukwanen, ya rufe, ya kewaye da waya. Bai ƙara shuka ko ƙwaya ɗaya a gonar ba. Ƙungiya ta rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, a nan gida da can inda muka yi aiki, da Turanci da Faransanci, cewa a zo a auna, a kwashe, a duba lafiyar mutanenmu. Ni na rubuta takardun, kuma zan iya cewa ba a samu kuskuren nahawu a ko ɗaya ba. Sau ɗaya aka amsa, aka ce mu sake turowa a kan takarda mai tambarin Ƙungiya. Muka yi tambari, muka sake turawa. Tambarin yana nan. Lokacin ambaliyar bara, ruwa bai gama janyewa ba Ba Ajimi ya sa aka kai shi Dusuman, yana tafiya yana tsayawa neman numfashi, don ya ga da idonsa cewa ramin bai buɗe ba. Da ya ga simintin yana nan, ya zauna a kan taɓo ya yi hamdala. Gidansa na cikin gari a lokacin ruwa ya ci rabinsa, bai ko tambaya ba.

Saura tukunya ta tara. Ita ce mafi girma kuma mafi kyau, ita ya fi daɗewa yana ƙerawa, kuma ita ya kawo wa yayarsa Ya Turai a 1988, gudummawar auren 'yarta tilo, Zainaba. A cikinta aka dafa abincin bikin, a cikinta aka dafa na sunan 'ya'yan Zainaba uku, kuma a cikinta aka dafa sadakar Zainaba da ta rasu a 2009 bayan jinyar ciwon ƙoda. Tun daga lokacin Ya Turai ta mayar da tukunyar ta unguwa gaba ɗaya, tana cewa ladan na Zainaba ne. Ba a taɓa zuwa aro ta ce babu ba. In gidan makoki ne, ba ta ma jiran a zo.

Marigayin ya bar ta a ƙarshe don yana jin nauyinta. Ya je sau biyu ya kasa buɗe baki, ya sha ruwa ya tashi. A 2019 ya ji an ɗora tukunyar a wani gidan suna a layinsu. A nan ya yi kuskuren da ya yi ta nadama har ranar da ya cika. Ya shiga cikin gida ba sallama, cikin taron mata, ya janye itacen, ya kifar da abincin a ƙasa, yayarsa tana tsaye da muciya a hannu. Ta dube shi ta ce, “Ajimi, bayan da ya goya ka ne ka zo ka tona a gaban mutane?” Ta sa aka mayar mata da tukunyarta gida. Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Shekara shida yana zuwa ƙofarta duk Juma'a, ya ce wushe, gaisuwar Kanuri, ya tsaya kaɗan, ya juya. Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙa aiko Malam Sa'id ya tsaya a madadinsa.

Ranar Juma'ar da ya rasu, Ya Turai ta zo. Ta shiga ɗakin da aka shimfiɗe shi, ta dafa goshinsa ta daɗe, ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Sannan ta gaya wa Hajja Aisa cewa abincin addu'ar bakwai ita za ta dafa a gidanta ta aiko, kuma a tukunyarsa, don hannunsa ne ya ƙera ta, ita ta fi cancanta ta yi masa sadaka. Addu'ar bakwai ranar Alhamis ce mai zuwa, 15 ga wata. Za a ci abincin nan a gidaje da yawa, kuma yara ne za su fi ci.

Ƙungiya tana son jama'a su ji wannan da kyau, musamman babarmu Ya Turai, da yake mun san za a karanta mata. Ba mu ce tukunya ce ta kashe Zainaba ba. Ba mu sani ba. Babu likitan da ya ce haka, kuma ciwon ƙoda ya ɗauki mutane da yawa a jihar nan waɗanda ba su taɓa cin abincin tukunyar Ba Ajimi ba. Ko ciwon da ya ɗauke shi shi kansa, babu wanda ya tsaya ya bincika ya ce mana daga ina ya fito. Waɗanda ke da kayan binciken ba su ga mun isa a bincika mu ba. Abin da muka sani kaɗan ne: Gyare ya yi kuka a tukwane takwas, kuma ta tara daga juji ɗaya ta fito. Mun fahimci abin da ya sa karɓar maganar ta yi miki nauyi, Ya Turai. Uwar da ta ciyar da 'yarta da hannunta ba za ta so a ce mata akwai wani abu a cikin abincin ba. Babu laifinki. Kin dafa da zuciya ɗaya, shi ma ya ƙera da zuciya ɗaya. Edith ta ce mahaifiyarta ta zauna a kan dutse tana kuka ranar da aka rushe ɗakinsu, tana cewa a ɗakin nan ta haifi 'ya'ya bakwai, ta yaya zai zama guba. Masu laifin suna can inda suke, da fanshonsu da likitocinsu, ba su san sunan Zainaba ba, ba su san na mahaifin Edith ba. Allah Ya sani.

Yanzu ga saƙon. Ranar Laraba, kwana biyu kafin rasuwarsa, bayan azahar, marigayin ya sa aka kira ni. Hajja Aisa da Malam Sa'id suna wurin, su ne shaidu. Yana magana yana hutawa. Ya ce, “Malam Digiri, rubuta, yau dai digirin zai yi rana. A gaban mutane na ɓata wa Ya Turai, a gaban mutane za a ba ta haƙuri. Ka ce ɗan da ta goya ya yi rashin kunya, ta yafe masa. Ka ce na janye maganar a mayar mini da kyauta. Kyauta tata ce, ba ni da haƙƙi a kanta. Aro nake nema. In na tafi gidana ne gidan makoki, kuma Ya Turai ba ta taɓa hana gidan makoki tukunya ba.” Na tambaye shi, in ta ce yaushe za a mayar, me zan ce. Ya yi murmushi, ya ce, “Ka ce in mun haɗu.”

Saboda haka Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Ma'adinan Hamada Mazauna Maiduguri, a madadin marigayi Alhaji Ajimi Modu Kachalla, da izinin mai ɗakinsa da 'ya'yansa, da sanin mai girma Bulama da Liman, tana ba babarmu Ya Turai haƙuri a gaban duk wanda ya ji ko ya karanta wannan takarda, tana kuma roƙonta aron tukunya mai ɗigo uku domin gidan makokin ƙaninta. Ba za mu ɓoye mata komai ba. Ba za a ɗora ta a wuta ba. Dusuman za a kai ta, wurin 'yan'uwanta takwas, a gonar da ya bari dominsu, kuma ba za ta dawo ba a rayuwarmu. Mista Celestine ya riga ya kawo sabuwa, mafi girma a shagonsa, tana zauren marigayin, kuma Hajja Aisa ta ce babu hannun da zai taɓa muciyar abincin Alhamis sai na Ya Turai, a tsakar gidan ƙaninta, inda ba ta zauna ba shekara shida.

Muna kuma roƙon duk wanda ke da wani ƙarfe da ya fito daga wancan gari, ƙofa ce, durom ne ko bututu, ya sanar da Ƙungiya a zo da Gyare a auna. Ba a biyan komai, kuma ba za a faɗi sunan gida ba.

Edith Tsosie ta aiko da ta'aziyya a madadin matan ƙungiyarsu. Ta ce a al'adarsu ba a cika kama sunan wanda bai daɗe da rasuwa ba, don haka ta kira shi mai tukwane. Ta ce a ƙasarsu sun yi shekaru suna jiran waɗanda suka ɓata wuri su dawo su kwashe abin da suka bari, yawancinsu ba su dawo ba, sai ga wani mai walda a Maiduguri, wanda bai san komai ba lokacin da ya ɗauka, shi ya bi gida gida yana kwashe nasa.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan Ba Ajimi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba shi numfashin da ya rasa a nan, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Hajja Aisa da 'ya'ya da jikoki haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya albarkaci bayansa. Allah Ya jiƙan Zainaba, Ya jiƙan 'yan'uwanmu arba'in da bakwai da suka riga shi, da mahaƙan ƙasar Navajo da ba mu taɓa gani ba amma ƙura ɗaya muka shaƙa. Allah Ya sanyaya zuciyar Ya Turai. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da kyau.

Ranar Laraba bayan la'asar, mu huɗu daga cikin waɗanda ƙafarsu ke iya ɗaukarsu za mu zo ƙofar gidan Ya Turai da amalanke. Za mu yi sallama sau ɗaya, mu tsaya a inda ya saba tsayawa. Ba za mu shiga ba sai an ce mu shiga.

Sa hannu:

Manasse Yerima Mshelia
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Ma'adinan Hamada Mazauna Maiduguri